Jakunan da Aka Hana Ruwa a Kangire

Ranar Talata, 8 ga Afrilu, 2025, wani dillalin fata mai suna Barau ya tsayar da babbar mota a bakin hanyar Kangire, da jakuna goma sha bakwai a ciki, yana jiran a kawo masa wasu ya cika lodi. Kwana uku suna tsaye a rana, ba ruwa, ba harawa. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, da idona na ƙirga su.

Shehinmu, malami masani, mai tsantseni da zuhudu, wanda bakinsa bai taɓa gajiya da zikiri ba, Allah Ya ƙara masa daraja, ya ɗauki bokitin ruwa da hannunsa mai albarka ya nufi motar. Barau ya tare shi.

"Malam, kayana ne. Fata nake saye, fata kuwa ba ta shan ruwa."

"Amma tana kan mai rai," in ji Shehi.

Barau ya ture bokitin da ƙafa, ya kira shi limamin jakuna, 'yan kallo suka yi dariya. Na je wurin mai unguwa, ya ce ba ya shiga tsakanin mutum da dukiyarsa. To, wa ke shigar wa jaki ƙara?

Shehi ya fuskanci alƙibla, ya ɗaga hannu a natse. Wallahi, a tsakiyar bazara, sama tas, wani ɗan gajimare ya taso daga wajen Gwaram, ya tsaya bisa motar ya zubar da ruwa, mu da ke tsallaken titi ko ɗigo bai taɓa mu ba. Jakunan suka riƙa lasar bayan junansu. Huɗu ba su ɗaga kai ba, sun riga sun mutu a tsaye, matsi ya hana su faɗuwa.

Barau ya ja tamfol ya rufe su kada fatar ta lalace, ya tayar da mota. Mutanen da suka ga wannan da idonsu suka matsa suka ba shi hanya.

Allah Ya ba mu albarkar Shehi, Ya yafe mana shirunmu. Shi Shehi ya ce ya yafe, wai ba shi aka hana ruwa ba. Ni ban yafe ba. Barau da mai unguwa su tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, su ce da bakinsu sun zalunci bayin Allah, su nemi afuwa a gaban jama'a.