Shafukan da Malam Yake Tsallakewa

Akwai wani tsohon malamin tarihi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban allo, har ya yi ritaya. Mutum ne mai tsari. Takalminsa kullum a goge, alƙalaminsa a aljihun gaba, kuma kuskure ba ya wucewa ta gabansa, ko a bakin ɗalibi ko a bakin mai karanta labarai a rediyo. Ɗalibai suka laƙaba masa suna Malam Gyara, sunan ya bi shi har tsufa.

Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, tana da abu ɗaya da take ƙauna bayan 'ya'yanta: littattafan soyayya na zamanin da. Irin waɗanda ake ba da labarin 'yar attajiri da saurayin da ya tafi yaƙi, lokacin birane masu ganuwa da jiragen ruwa masu filafilai. Ta cika kanta guda da su, kowanne ta yi masa riga da takardar tsohuwar kalanda don kada bangon ya yage. In ta gama aikin gida sai ta zauna kusa da taga, wani lokaci ta yi dariya ita kaɗai, wani lokaci ta share ido da gefen mayafi.

Malam ba ya hana ta, amma ba ya wucewa bai tanka ba.

"Maman yara, an koma kan ƙarya mai bango?"

"An koma, Malam. Ta fi gaskiyarka daɗi."

Haka suka tsufa tare.

Sai ciwon suga ya fara cin idonta. Aka canja tabarau, aka sake canjawa, aka yi mata aikin ido, ba a dace ba. Wata rana ta ɗaga littafi har ya taɓa hancinta, ta daɗe tana kallo, sannan ta rufe ta ajiye a cinya.

Autarsu, wadda ke aiki a kantin magani kuma ita kaɗai ta rage a gidan, ta ce, "Mama, in na taso aiki ni zan riƙa karanta miki."

"A'a, Auta. Babanku nake so ya karanta mini. Ai zaune yake."

Malam ya yi gyaran murya, ya ce to. Ba ya ƙin abin da ya ga wajibi ne a kansa.

Kullum da yamma sai ya jawo kujera kusa da tagar, ya goge tabarau, ya buɗe littafin da ta fi so, labarin 'yar mai sayar da yadi da wani saurayi maƙerin jirgi. Muryarsa a sarari take, kowace kalma da haƙƙinta. Sai dai ba ya yin nisa bai tsaya ba.

"'Ya ciro agogo daga aljihu...' Dakata. A wancan zamanin wa ya ba shi agogon aljihu?"

"Aro ya yi, Malam. Ci gaba."

"Wurin wa? Ba a ma haifi kakan wanda ya ƙera shi ba."

"To ka ba shi sifili, mu dai mu wuce."

Wannan tana iya ɗauka, har dariya yake ba ta. Akwai wanda ya fi shi. Duk inda saurayin ya buɗe baki zai faɗa wa yarinyar abin da ke ransa, sai Malam ya yi tari, ya lashi yatsa, ya juya shafi biyu a haɗe, ya ci gaba kamar ba abin da ya faru.

Mama ta daɗe tana haƙuri. Ran nan dai ta ɗaga hannu.

"Malam, ka tsallake."

"Ban tsallake abu mai amfani ba."

"A bakin tashar jirgin ruwa ka bar su a tsaye, yanzu ga shi a tsakiyar teku. Haka ya tafi, ko sallama babu?"

"Surutu ne kawai a wurin. Ba ya ƙara wa labarin komai."

Ta juyo da fuskarta inda take jin muryarsa. Idanun a buɗe, amma sun ɗan kauce masa, suna kallon bango.

"Na san abin da ya ce mata. Na haddace shi tun Auta tana goye. Ba labarin nake nema ba, Malam."

"To me kike nema?"

"Tun da ka aure ni ba ka bar ni da yunwa ba, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Na gode Allah, na gode maka. Amma irin wannan magana ban taɓa jin ta a bakinka ba. Da ina gani, a fuskarka nake ganin ta, in haƙura. Yanzu kunne kaɗai ya rage mini. Shi ne na ce, ko ta aro ce, ko ta wani ce, bari in ji ta da muryarka."

Malam ya dubi shafin. Kalmomin ba su da wuya, ɗan firamare ma zai karanta su. Ya buɗe baki, sai ya ji harshensa ya yi nauyi kamar ba nasa ba. A kicin ya ji ƙarar cokali, Auta ta dawo. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

"Haba, Maman yara. Da furfura? Da jikoki? Ai wannan sai yara."

Ta yi ɗan murmushi. "Haka ne. Rufe shi, Malam, ka huta."

Daga ranar ba ta sake cewa ya karanta ba. In ya ɗauko littafin da kansa sai ta ce kanta na ciwo. Ta koma zama kusa da rediyo, hannuwa a cinya.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce zai yi, amma sai ranar da gidan ba kowa. Har ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa, ya gwada karanta wurin a hankali shi kaɗai, ya ga ashe bakinsa na iyawa. Amma ranar da Auta ta fita sai baƙi su zo. Ranar da ba baƙi sai ya ga Mama kamar ta gaji. Ranar da ba wani dalili sai ya ce gobe.

Wata safiya kofi ya suɓuce daga hannunta. Ta so ta yi magana, bakin ya karkace.

A asibiti likita ya ja shi gefe, ya ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Ɓarin jiki ya shanye, magana ta ɗauke.

"Likita, tana ji?"

"Wasu suna ji, Baba, wasu ba sa ji. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba."

Malam ya saba da tambayar da ke da amsa. Ya tsaya a barandar asibitin, mutane na wuce shi, bai san inda zai sa hannunsa ba.

Washegari ya zo da littafin. Ɗakin mata ne, gadaje a jere, labulen da ke tsakani bai kai ya rufe komai ba. Lokacin ziyara ne, ko'ina 'yan dubiya da kwanuka. Ya zauna a bakin gado, ya buɗe wurin da ya saba tsallakewa, ya fara da murya ƙasa-ƙasa.

Wata nas da ke gyara ledar ƙarin ruwa ta dube shi. "Baba, in so kake ta ji, sai ka ɗaga murya. Fankar nan ma ta fi ka ƙara."

Ya dubi ɗakin. A gida mutum ɗaya ya ji wa kunya, 'yarsa, ita ma tana bayan bango. Nan ga idanu ko'ina. Ya gyara tabarau, ya ɗaga murya irin wadda yake kai wa bencin baya a aji.

"'Ban iya magana mai daɗi ba,' in ji saurayin. 'Amma duk garin da na sauka, ƙofar gidanku nake nema. In na zauna cin abinci sai in ce, ko ta ci? Ina son ki. Na daɗe ina son ki, tsoro ne ya hana ni faɗa.'"

Wata budurwa a gadon kusa ta fara dariya, uwarta ta harare ta, ta haɗiye.

Malam ya rufe littafin a kan yatsansa, ya sunkuya kusa da kunnen matarsa. "Maman yara, wannan maganar ba tasa ba ce. Tawa ce."

Ya jira. Ya dubi bakinta, ya dubi girarta, ya dubi yatsun da ke cikin hannunsa. Ƙirjinta na hawa yana sauka, shi ke nan.

"'Yata," ya ce wa nas ɗin, "kin ga wani abu? Ko ni ne idona bai kama ba?"

Ta ce, "Allah ne masani, Baba."

Da aka sallame su, aka kafa mata gado kusa da tagar nan. Malam ya ci gaba da karatu kullum da yamma. Ya gama wannan littafi ya ɗauko wani, har ya bi kantar daga farko zuwa ƙarshe, bai tsallake layi ɗaya ba. Fuskarta ba ta taɓa canjawa ba.

Wata yamma Auta ta shigo da ruwan magani, ta tarar ya yi shiru, littafi a buɗe, hawaye na bin gefen hancinsa. Ta durƙusa.

"Baba, ka daina damun kanka. Wallahi tana ji."

Ya girgiza kai a hankali.

"Ke ma ba ki sani ba, Auta. Ni ma ban sani ba. Ranar da na tabbata tana ji, ranar ce na yi shiru."

Darasi: Kalmar da ta yi maka nauyi a baki, wataƙila ita kaɗai wani yake jira daga gare ka. Ciyarwa da tufatarwa ba sa maye gurbinta, girman kai da kunya kuma ba sa mayar maka da lokacin da ya wuce. Kada ka raina abin da ke faranta wa naka rai, kuma ka faɗi abin da ke zuciyarka tun kunnen da zai ji yana ji. Ku tura wa wasu wannan labari, ko akwai mai cewa gobe da zai faɗa yau.