Takardar Jinin Inna Tasalla

Ku matso ku ji, amma wanda ba zai yi gardama ba ya tashi tun yanzu.

Ukasha ya yi shekara bakwai a kudu yana gyaran kwamfuta, ko sallah bai taɓa zuwa gida ba. Ranar da ya dawo, a gadon asibiti ya tarar da mahaifiyarsu, Inna Tasalla, jininta ya ƙare, tafin hannunta fari fat. Likita ya ce ba zai ƙara mata jini ba sai ya riƙe takardar gwaji a hannunsa. Masu gwaji suka ce sun tura. Firintar ɗakin kuwa shiru. Kwana biyu ana haka, matar gadon kusa da ita, mai jiran irin takardar, aka lulluɓe ta aka fita da ita.

Barira, yayarsu, ita ce ta ƙi zama. Ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya har ta gano ɗakin maza na samun takardunsa, ɗakunan mata biyu ne kawai ba sa samu. Ta tsaya a ƙofar shugaban asibitin ta ce, "Ranka ya daɗe, ko ka bar ƙanena ya taɓa na'urar nan, ko ka fita ta kaina." Ya bari.

Ukasha ya zauna gaban kwamfutar asibitin ya duba. Manhajar ba ta karɓar suna mai tsawo, sai ta datse Ɗakin Mata Na Ɗaya da Ɗakin Mata Na Biyu suka zama suna guda, ta rasa inda za ta kai, ta riƙe komai. Ya gajarta sunayen. Takardu suka yi ta zubowa, har da ta marigayiyar.

Jinin ɗan'uwansu Hambali kaɗai ya dace, ɗan dako ne da bai gama warkewa daga zazzaɓi ba. Ya miƙa hannu ya ce wa Ukasha, "Baƙo, matsa, wannan ba a danna shi da yatsa." Aka ɗiba, ya faɗi, bai sake iya ɗaukar buhu ba.

Inna ta tashi, amma ƙafafunta ba su tashi ba. Fadamarta ɗaya ce, rijiya ɗaya, ba ta rabuwa. Ta ce za ta ba wanda ya cece ta. Ukasha ya sunkuyar da kai, bai ce ya yafe ba.

To, jama'a, wa za ta ba?