Ruwan Da Ya Zo Babu Hadari

Alhaji Attahiru ɗan kasuwa ne a Sabon Birni. Yakan ɗauki wake da albasa ya kai Maraɗi, ya komo da taliya da sabulu da atamfa. Ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba, kuma iyalinsa ba su san yunwa ba. Aibinsa ɗaya ne, amma ya isa: in ya yanke wa mutum hukunci a zuciyarsa, to ya toshe kunne ke nan, ko gaskiya mutumin ya zo da ita ba zai saurara ba.

Wata shekara 'yan bindiga suka tare motarsa a hanyar Gatawa, suka kwashe kaya, ya tsira da rigar wuyansa kawai. Wannan abin tsoro ne, ba mai musu. Sai dai tun daga ranar Attahiru ya ɗora laifin a kan duk wanda ya gani da sanda da malfa. Ya hana a sayi nono a gidansa. Ya daina amsa sallamar makiyaya, har da waɗanda suka yi wa mahaifinsa kiwo. In aka tuna masa cewa su ma an kore musu shanu, an ƙone musu rugage, sai ya sha toka ya ce, "Duk bakinsu ɗaya na."

Yana da 'ya'ya biyu da matarsa Lailatu. Mus'ab shi ne ɗan fari, bai wuce shekara goma ba, sai ƙanwarsa Hafiza. Saboda alkunyar ɗan fari, Attahiru bai taɓa kiran yaron da sunansa ba, sai dai "kai" ko "yaro", ko da yake kowa ya san ya fi son shi da komai. Yaran nan sun tashi cikin zaman ɗar-ɗar. Daga gida sai makaranta, daga makaranta sai gida. Abin da suka sani na duniya shi ne labarin da ubansu ke ba su na gulbin Isa, garin da aka haife shi, inda yake cewa suna yara sukan wuni suna tsere a kan rairayi, su tona rami da hannu har ruwa ya ɓuɓɓugo. Mus'ab ya dame shi da tambaya har ya gaji ya yi alkawari: duk ran da suka je Isa, zai kai su su gani da idonsu.

A farkon damina aka yi haihuwa a gidan yayarsa Maryamu a Isa. Suka bi ayarin motocin da ake yi wa rakiya, suka sauka lafiya, aka sha suna. Washegari tun da safe yaran suka tsare shi da maganar alkawari. Ya ari babur ɗin mijin Maryamu, Lailatu ta ƙulla musu dabino da ƙuli-ƙuli a leda.

Maryamu ta biyo shi har zaure. "Attahiru, in dai gulbi za ka kai ɗiyan ga, ka tsaya mashaya ka tambayi Hillani tukuna. Damina ta kama."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Babu ko ɗigon girgije, rana ta take. "Yaya, ina kika ga hadari? Ni za a koya ma gulbin ga? Cikinai na girma."

"Ba hadarin nan aka tsoro ba, kai ma ka sani."

Ya sani kuwa. Ruwan gulbin nan ba a Isa ake zuba shi ba. Can sama, wajen ƙasashen Zamfara da Katsina, ake tafka shi, ya taru ya gangaro, ya iske mutane suna shanya cikin rana. Makiyaya ke fara jin labari, don suna da dangi jere a bakin gulbi, wannan ya buga wa wancan waya. Shi ya sa in damina ta kama, mai hankali ba ya sauka cikin rairayi sai ya gaisa da su ya tambaya. Attahiru dai ya tada babur, ya ce, "Ba ni tambayar ɓarawo hanya."

Da suka iso mashaya, suka iske wani Bafulatani magidanci, mai suna Yero, daga wata ruga ta wajen Turba, yana koro shanunsa daga cikin gulbi zuwa tudu. Ya yi musu sallama, ya ɗaga hannu. "Alhaji, tsaya in hwaɗa maka wata magana."

Mus'ab daga bayan babur ya amsa sallamar da ƙarfi, yadda aka koya masa a makaranta. Attahiru ya ƙara wuta ya wuce, ya waiwayo ya daka wa yaron tsawa. "Kai, wa ya aike ka? In ka ƙara amsa ma irin waɗanga, za ni ɓata maka rai."

Ya aje babur ƙarƙashin wata tsamiya can gaba, suka sauka. Gulbi ya shimfiɗe fari fat, faɗinsa ya ishe mutum tafiya. Babu mace mai wanki, babu yaro mai tonon ruwa, babu ko jaki. Da wani ne ya ga haka, da ya tambayi kansa ina mutane suka shiga. Attahiru murna ya yi, ya ce yau fili nasu ne su kaɗai.

Gaskiya yaran sun ji daɗi. Hafiza ta cire takalma tana gudu tana faɗuwa tana dariya. Mus'ab ya durƙusa ya yi ta tono, ubansa na nuna masa inda rairayi ya fi duhu, har ruwa mai sanyi ya fara taruwa a gindin ramin. Yaron ya kamfato ya wanke fuska, ya dubi ubansa kamar shi ya halicci ruwan. Suka gina gida da rairayi, da rumbu, da turken awaki. Suka ci dabino. Belbelu suka wuce a jere, Hafiza ta bi inuwarsu da gudu. Attahiru ya zauna yana kallonsu, zuciyarsa ta yi sanyin da ta daɗe ba ta yi ba. Wasa ya yi ta jan su gaba, har suka kai tsakiyar gulbi ba su lura ba.

Can sai suka ji kira daga bakin da suka sauko. Yero ne tsaye a kan gaɓa, ya ɗora malfarsa a kan sanda yana kaɗawa. Muryarsa ta iso sarai, babu kalmar da ta ɓace.

"Alhaji! Ruwa shina tahe! Ku hito da ɗiyan nan!"

Attahiru ya miƙe. Ya dubi sama, rana. Ya dubi ƙasa, rairayi na ƙona ƙafa. Ya sake duban gaɓa, sai ya ga wasu makiyaya biyu sun rugo sun tsaya kusa da Yero, su ma suna yafuto su. Nan take ranar Gatawa ta dawo masa. Ya ce a ransa dabara ce: so suke ya kawo musu 'ya'yansa har hannu.

Mus'ab ya riga ya ɗauki takalmansa ya nufi inda ake kiransu. "Baba, mu tahi. Ya ce ruwa shina tahe."

Attahiru ya bi shi da sauri, ya damƙe masa wuyan hannu, ya fizgo shi baya. "Ƙarya shika yi. Wuce mu tahi wancan ƙetare."

"Baba, nan ya hi kusa."

"Rufe mini baki."

Ya saɓa Hafiza a kafaɗa, ya ja yaron, suka juya wa masu kiran baya. Yaron na tirjewa yana waiwaye, uban na janye shi. Abin da Attahiru bai sani ba shi ne gulbi ya sauya kwanciya tun bayan yarintarsa. Kwarin da ruwa ke fara bi yanzu yana can gefen da ya nufa.

Da fari iska ce mai sanyi ta bugo su, da ƙamshin laka. Sai wata ƙara daga nesa kamar ta babbar mota. Sai ga kumfa ja tana malalowa a kan rairayi, tana turo karare da kashin shanu. Ta taɓa musu idon sawu. Kafin Attahiru ya yanke shawarar gaba zai yi ko baya, ruwa ya kai gwiwa. Rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya fara zamewa. Hafiza ta shaƙe masa wuya tana kuka. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai wa Mus'ab ƙirji.

Wani reshe da ruwa ya ɗauko ya bugi Attahiru a haƙarƙari. Ya yi taga-taga, ya kai hannu ya tare Hafiza da ke shirin suɓucewa. Da ya maido hannun, babu kowa a cikinsa. Ya hangi kan yaron ya ɓullo sau ɗaya can gaba, hannu a sama.

"Mus'ab! Mus'ab!"

Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinsa, kuma mai sunan bai amsa ba.

Ruwa ya kwashe Attahiru da yarinyar ya maka su a jikin wani kututture da ya kafe cikin rairayi. Ya rungume shi da hannu ɗaya, ƙarfinsa na ƙarewa. A nan ya ga ƙahonin wani babban sa suna keto ruwa, mutum na riƙe da wutsiyarsa. Yero ne. Tun da ya ga sun juya baya ya ruga can sama, ta inda ruwan ke gangarowa, ya kora san cikin ruwa, ya bar igiyar ruwan ta gangaro da su. Ya karɓi Hafiza ya ɗaure ta a bayansa da rawani, ya kama hannun Attahiru ya ɗora a wutsiyar san, ya yi wa dabbar tsawa da Fulatanci. Da ƙyar suka kai gaɓa.

Sauran makiyayan tuni sun bi bakin gulbi da gudu suna dubawa. Mutanen gari suka fito aka yi ta nema har rana ta faɗi. Sai washegari da hantsi makiyaya suka sami gawar yaron can ƙasa, ƙayar ƙaidaji ta riƙe rigarsa. Suka lulluɓe shi da bargon Yero, suka ɗauko shi a kafaɗa har ƙofar gidan Maryamu, gidan da aka sha suna shekaranjiya.

Lailatu ba ta yi kururuwa ba. Ɗan fari ne, ba ta da bakin kuka a gaban mutane. Ta zauna a ƙuryar ɗaki rungume da takalmin yaron guda ɗaya da aka tsinto, ba ta ci ba ta sha. Ba ta tambayi mijinta yadda aka yi ba, shi kuma bai iya haɗa ido da ita ba. Hafiza ce ta zo ta zauna a cinyarsa bayan an dawo daga maƙabarta, ta tambaye shi a gaban jama'a, da muryar yaro da bai san nauyin magana ba.

"Baba, don mi ka riƙe Yaya? Ai shi ya so ya hita."

Attahiru ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan rigarsa. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, haƙuri za a yi. Ya yarda kwana ya ƙare. Amma ya san hannun da ya fizgo yaron daga hanyar tudu.

Ran addu'ar uku, Yero ya zo da ƙwaryar nono, ya miƙa a kai cikin gida. Ya tsaya daga bakin zaure ya yi sallama a hankali, kamar mai shakkar za a amsa. Attahiru ya amsa, ya tashi ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya zaunar da shi a kan tabarmarsa.

"Malam Yero, mi kaka so ka hwaɗa mini ran nan a mashaya?"

Yero ya ce, "Ƙanena ya bugo tun da sahe, ya ce an yi ruwa mai yawa wajensu, gulbi ya ɗauko. Shi na so in hwaɗa maka. Na ga kana da ɗiya."

Ya shafa addu'a, ya miƙe, ya ɗauki sandarsa. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Allah shi jiƙan yaron ga, Alhaji. Shi ɗai ya amsa mini sallama."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wanda aka taɓa cuta yana da dalilin yin hattara, amma ba shi da dalilin ɗora laifin wasu a kan jama'a guda, har ya toshe kunnensa daga mai yi masa gargaɗi. Attahiru ya ji kiran Yero sarai, mugun zato ne ya hana shi gaskatawa. In za ka kai 'ya'yanka buɗe ido, gulbi ne ko tafki ko dutse, ko da a nan aka binne cibiyarka, ka tsaya ka gaisa da waɗanda ka iske a wurin, ka tambaye su halin da wurin yake ciki yau, kuma ka saurari amsarsu. Rayukan yaran da ke hannunka amana ce, kada girman kai ko ƙiyayyar wani ta sa ka ja su zuwa inda ba za ka iya dawo da su ba.