Hular Gabdo Ta Je Masar

Jama'a, akwai wani mutum a Sabon Layi, Mubi, zamanin jihar Gongola, sunansa Malam Gabdo. Shi ne shugaban tashar mota. Idan ya ajiye hularsa a kujerar gaba ya tafi shan shayi, wallahi motar nan ba ta motsi, ko fasinja za su narke don zafi.

Ɗansa Ishiyaku yana karatu a Masar. Matar Ishiyaku ta haihu, aka sa wa yaro sunan kakansa. Sai Ishiyaku ya gayyaci iyayensa su je hutu. Malam Gabdo ba abin da yake so a duniya kamar ya ɗauki takwaran nan nasa a hannu.

Tafiyar jirgi biyu ce: Yola zuwa Kano, sannan Kano zuwa Alƙahira. Mai sayar da tikiti a Yola ya ce, "Baba, ku bi jirgin safe. Na rana yana isa Kano dab da tashin na Masar, ga layin imigireshan."

Gabdo ya yi dariya. "Yaro, ni za ka koya wa tafiya? Ba mu na rana."

Matarsa Hapsatu ta ce, "Malam, da dai mun bi na safen."

"Ke dai riƙe jakarki."

Allah ya taimaka, suka sauka Kano da ɗan sauran lokaci. Aka auna kaya, aka shige da su. Ana shirin shiga layin duba fasfo, sai Gabdo ya tuna da wani tsohon abokinsa direba a Fagge.

"Haba! In zo Kano ban gaishe shi ba? Ai sai ya ce na yi girman kai."

Ya cire hularsa, zanna sabuwa fil, ya ɗora a kujerar ɗakin jira.

Hapsatu ta ce, "Malam, nan fa ba tasha ba ce."

"Kayana na ciki, hulata na nan. Wane direba ne zai tashi?"

Ya tari tasi ya tafi, kai ba hula.

Hapsatu ta yi ta kallon ƙofa har wuyanta ya gaji. Aka kira fasinjan Masar. Ta samu wani jami'i ta ce, "Ɗana, maigidana yana zuwa, ga ma hularsa."

Jami'in ya ce, "Mama, hular tana da fasfo?"

Ranta ya ɓaci, tsoro ya kama ta, don ba ta taɓa fita ko Maiduguri ita kaɗai ba. Amma ta tuna jariri. Ta ɗauki hular ta cusa a jaka, ta miƙa fasfonta, aka buga mata hatimi, ta wuce.

Can Fagge kuwa, gaisuwa ta zama shayi, shayi ya zama tuwo. Da Gabdo ya dawo, ya tarar da layi har bakin ƙofa. Ya kutsa gaba yana cewa, "Ni ne shugaban tashar Mubi!"

Jami'in ya nuna masa taga. Ga jirgi can sama, ya zama kamar shirwa.

"Ku tsayar da shi! Hulata na ciki!"

Mutane suka fashe da dariya. Ya nemi jirgi na gaba, aka ce babu wuri sai bayan hutun ya ƙare. Haka ya koma Mubi a mota, ba kaya, ba mata, ba hula.

Da Hapsatu ta dawo, ta yi ƙiba, tana ta ba maƙwabta labarin kogin Nilu. Gabdo yana gefe yana sauraro. Sai ta miƙa masa hoto.

Jariri ne a cinyar Ishiyaku, an kifa masa zannar kakansa, ta rufe masa ido ɗaya, yana dariya ba haƙori.

Hapsatu ta ce, "Da Ishiyaku ya tambaye ni ina Baba, hular na ba shi. Yaron ya ƙi sakinta, na bar masa."

Gabdo ya yi dariya har hawaye suka zubo, kuma ba duka na dariya ba ne. Ya shafa fuskar yaron da yatsa ya ce, "Takwara, ka yafe ni. Hulata ta fi ni hankali, ita ta zauna inda aka ajiye ta."

Darasi: Girman da ake ba ka a garinku ba ya tsayar da jirgi. Idan tafiyarka ta canjin jirgi ce, zaɓi wanda zai ba ka isasshen lokaci, ka gama da imigireshan tukuna, gaisuwa ta biyo baya. Kuma ka saurari shawara ko daga bakin wa ta fito. Ku tura wa Gabdon gidanku, kowane gida da nasa!