Ƙwan da Ya Ƙi a Rage Shi

Akwai wani maigida da rufin falonsa yake yoyo. Ruwan bara ya bar tabo a silin, faɗinsa ya kai faifai. Gyara sai an hau sama, shi kuwa mutum ne da ba ya son wahalar da tsani.

Ana nan sai aka ce dattawan ikilisiya za su zo addu'a gidansa ran Laraba da yamma. Ya dubi tabon, ya ga mutuncinsa na shirin zubewa. Sai ya sayo makunni mai murɗawa irin na fanka, wanda ake rage haske da shi, ya sa aka ɗaura masa.

Ƙwan lantarkin falon kuwa irin murɗaɗɗen nan ne mai tsimin wuta. Matarsa Rahila ta ce, "Baban Nuhu, a jikin kwalinsa an rubuta kada a haɗa shi da wannan makunni."

Ya ce, "Kwali ne ya sayi ƙwan, ko ni?"

Da baƙi suka zauna, ya rage hasken a hankali. Ƙwai ya shiga ƙiftawa, yana kuka kamar ƙudan zuma a kwalba. Duk wanda ya rufe ido don addu'a sai da ya buɗe ɗaya. Kafin a kai ga amin, dattawa shida suna kallon sama, daidai inda tabon yake.

Baba Ishaku, wanda kafinta ne, ya ce, "Ɗana, ƙure hasken nan in gani." Ya ƙure, ƙwai ya yi shiru. Tsohon ya duba ya ce, "Katakon ya ruɓe. Ruwa biyu ya rage masa ya sauko ya zauna tare da ku. Asabar zan zo da tsanina."

 Rahila dai ta kawo kunun zaƙi, ta ajiye kwalin ƙwan kusa da kofin mijinta.

Ma'anar wannan misali ita ce, Maganar Allah haske ce da ba ta san rabi-rabi ba. Mukan so mu rage ta daidai yadda za ta haska abin yabonmu ta bar tabonmu. To, sai lamiri ya yi ta kuka, har maƙwabta su ɗaga kai. 'Yan'uwa, ku bar ta ta haska duka. Kunyar ta yamma ɗaya ce, kuma ba mamaki akwai kafinta a cikin masu kallo.