Ranar da Duk Suka Zo

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

A wani asibitin karkara an yi wata ma'aikaciya, Ladidi, mai raba wa masu yanar ido ranar da za a yi musu aiki. Mutanenmu kuwa kun san hali: a ba mutum rana ya amsa da "in Allah ya yarda", ranar ta zo ya wuce gona ko gidan suna. Likita ya taso tun daga birni ya tarar da benci wayam, ya juye fushinsa a kan Ladidi. Da abin ya ishe ta, sai ta koma ba mutum uku gurbi ɗaya, tunda da ƙyar ɗaya ke zuwa. Dabarar ta yi ta ci, har ranar zuwan likitan na ƙarshe, don an canja masa wurin aiki ba a turo wani ba. Kayan aikin mutum ɗaya suka rage, sai ga su duk ukun.

Na farko Ilu tela. Bai taɓa saɓa rana ba. Shi ne ma ya sha rufe shago ya zo ya tarar likitan bai zo ba, ko haƙuri ba a ba shi ba. Yanzu zare ya gagare shi sawa a allura.

Ta biyu Inna Tabawa. Ita kam ta saɓa, ta kuma saɓawa, tana jinyar mijinta har Allah ya karɓi abinsa. Idonta ya fi na kowa lalacewa; in ta wuce yau, sai ɗan jagora.

Na uku Bawa mai amalanke. Nasa da ɗan dama-dama, amma shi ke bi ƙauye-ƙauye yana kwaso marasa lafiya kyauta, ba don shi ba da tuni likitan ya daina zuwa. Yau ma shi ya ɗauko Tabawa, bai san gurbinsu ɗaya ba.

Ladidi ta shiga roƙon likita ya yi musu duka. Likita ko ɗago kai bai yi ba.

"Ke kika tara su. Turo min ɗaya."

Ta fito wurinsu, ga shi ita ta yi wa kowannensu alkawari da bakinta. Tabawa ta ji takunta, ta lalubo hannunta ta riƙe.

"'Yar nan, an zo kaina ne?"

To jama'a, wa Ladidi za ta shigar, su wa kuma za ta ce wa su koma gida?