Tanimu da Jajayen Kuregu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, sunansa Tanimu. Manomin gyaɗa ne, ba mai dukiya ba, ba malami ba. A gefen gonarsa akwai ɗan kurmi na kanya da magarya, cike da jajayen kuregu.

To, ku saurara. Wata shekara fatake suka sauka a garin, ashe a cikin buhunansu akwai wasu manyan ɓeraye masu launin toka, irin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Suka hayayyafa. Suka ƙwace ramukan kuregu, suka cinye 'ya'yansu, suka faɗa wa rumbuna. Kurege ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har ya zama sai a kurmin Tanimu kaɗai ake ganinsa.

Mutanen gari suka yanke shawara a cinna wa kowane kurmi wuta. Mai unguwa ya zo ya ce, "Tanimu, saura naka."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne ya yi ɓarna. Sai a ƙona shi tare da ɗan gida?"

Mai unguwa ya ce, "To, duk rumbun da ɓeran kurminka ya taɓa, kai za ka cika shi."

Ya ce, "Na yarda."

Da ya koma gida matarsa Kande ta ce, "Malam, kuregun nan me suka taɓa ba ka? Gyaɗarka fa suke tonowa."

Ya ce, "Suna tonowa. Amma a nan na tarar da su, a nan kakana ya tarar da su. Ba a hannuna za su ƙare ba."

Sai ya saƙa tarkuna na kara, irin masu kamawa da rai. Kullum da safe ya duba. In ɓera ne ya kashe, in kurege ne ya buɗe masa ya tafi. Haka rani, haka damina. Ɓeraye suka huda rumbun maƙwabcinsa Barmo, Tanimu bai yi musu ba, ya auna dawa daga nasa ya kai. Shekarar nan shi da Kande sun sha kunu a lokacin da wasu ke cin tuwo.

Kada ku zaci zan ce muku ya tsinci zinariya. Bai tsinta ba. Talaka ya rayu, talaka ya rasu. Amma ɓerayen sun ƙare a kurminsa, kuregun suka sake yawa, daga nan suka bazu zuwa sauran gonaki.

Jama'a, halittar da ka tarar a ƙasarka amana ce, ko ba ta amfane ka da komai ba. Kuma ba a hukunta marar laifi don a huta da neman mai laifi. Kai mai sare bishiya, kai mai zuba guba a rafi don kifi, kai mai sa wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, za a tambaye ka. Allah ya sa mu sami amsa.